Aron Bango

Sai da na haura saba'in na san cewa shiru ma yana iya hana mutum sakewa. A wani ƙauye na ƙasar Holan na koyi haka, inda 'yata take aure. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Ummi nake ce mata. Mijinta yana gyaran injuna a wata masana'anta da ke garin kusa, su kuma suka sami ɗan gida na jan bulo a wannan ƙauye da bishiyoyi suka kewaye ta ko'ina. Wata uku biza ta ba ni, na tafi a ƙarshen zafinsu, na dawo ganye yana zuba.

Mutumin da aka haifa a Makka, a kan dutse, bai san abin da ake kira daji ba. Kwanakin farko duk lokacin da iska ta kaɗa ganye sai in miƙe in ce a kwashe shanya, ruwa ya zo, jikokina biyu su yi ta dariya. Ban da wannan babu abin da kunne yake ji sai wucewar keke, da ƙararrawar coci mai faɗin lokaci, da wata kurciya mai ƙatuwar murya da ba ta gajiya. Da hantsi nakan fita in taka ƙafa, kuma da yake gini ne sana'ata tun ina saurayi, idona ba ya barin gidan mutane. Ina ƙirga taga in san ɗakuna, in jira in ga masu fitowa. Gida goma sha huɗu ne a layin su Ummi, na ƙirga mutanensa ban kai talatin ba, yara huɗu ne kacal, biyu kuma nawa ne. Sauran duk tsofaffi irina. Akwai wata tsohuwa ita da karenta a gidan da a wajenmu iyali uku za su zauna har su sauki baƙi. Tagoginsu manya, babu labule, kana wucewa kana ganin mutum yana cin abinci. Mako guda na yi ina sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi, sai da Ummi ta ce da gangan suke barinsu haka. Mutanen kirki ne, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kowa ka haɗu da shi zai ɗaga maka hannu ya faɗi kalma ɗaya ya wuce, ba ya tambayar iyali, ba ya tambayar gajiya. Ranar Asabar su fito da almakashi suna yi wa shingen ganye aski. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarar da aka gina gida, da suke rubutawa da ƙarfe a goshinsa. Wasu sun girmi kakana, ga su nan tsaye, ko tsagewa babu.

A unguwar Nakkasa ta Makka na tashi, can sama inda mota ba ta kaiwa. Iyayenmu sun zo aikin hajji daga ƙasar Kano suka zauna, aka haife mu a wurin. Ba na jin akwai lokacin da unguwar take yin tsit. Kafin rana ta fito turmi ya fara, rediyon wani yana karatu, na wani yana labaran gida, awaki suna kuka a kan rufi, mata suna magana daga soro zuwa soro ba tare da ɗaya ta ga ɗaya ba. Mu samari aikinmu ruwa ne. Motar ruwa, wadda muke kira wayit, takan tsaya a ƙasa, mu cika jarkoki mu hau matakala da su, ka je ka dawo har sai mahaifiyarka ta ce ya isa, ita kuwa ba ta cika cewa ya isa ba. A hanya ka sayo burodin tamis da dafaffen waken ful na karin kumallo, kana tafe kana gutsurar gefen burodin, ka san kuma za ka sha faɗa. Lokacin hajji a kwashe mu daga ɗaki a ba baƙin da suka zo daga gida, mu koma rufi da tabarmi. Ba mu taɓa jin an matsa mana ba. Mahaifina yakan ce baƙon da ya zo daga nesa shi ya fi mu buƙatar ƙofa, mu ai 'yan gida ne, ko'ina muka kwanta gida ne.

Gidajenmu ba a zana su a takarda. Iyali ne suke girma, gida ya bi su. An yi haihuwa, an yi aure, wani ɗan'uwa ya zo ba shi da wurin zuwa, sai a ƙara ɗaki, a gefe ko a sama. Kuma babu mai gina bango huɗu. Uku kake ginawa, na huɗun na maƙwabcinka ne, ka jingina da nasa. Amma ba ka jingina sai ka je ka roƙa da bakinka, da shayi, a gaban mutane. Aron bango muke ce masa. Wanda ya ba ka bango ya zama naka, ko kuna so ko ba kwa so, domin daga ranar tarin da ya yi a ɗakinsa kai ma ka ji.

Ina da kamar shekara goma sha bakwai aka sa auren yayana, babu ɗakin da za a sa amarya. Wuri ɗaya ya rage a tsakar gidanmu, kuma bangon da ke wurin na wani Basakkwace ne mai zafin rai, wanda ya shekara biyu ba ya magana da mahaifina sai sallama, saboda ruwan wankin gidanmu yana gangarawa ƙofarsa. Mahaifiyata ta ce kada a je, wulaƙanci za a sha. Bayan la'asar mahaifina ya ce in ɗauko butar shayi in biyo shi. Muka same shi a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarma, na zuba shayi.

"Malam, bango na zo aro," in ji mahaifina. "Babban yaron nan zai yi aure, ba ni da inda zan sa shi."

Mutumin ya shanye kofi uku. Sannan ya ce, "Ruwan wankinku dai har gobe ƙohwata shika biyowa."

"Za a gyara, in Allah ya so."

"Ba ka gyarawa, na san ka. Amma ɗiya ba su da laihi. Ku jingina."

Ranar ginin aka yi layi tun daga inda mota ta sauke bulo har tsakar gidanmu, bulo yana tafiya hannu da hannu, Hausawa da Barebari da wasu 'yan Burma biyu da ke zaune ƙasa da mu. Basakkwacen nan yana cikin layin, yana miƙa bulo yana mita. Ni a lokacin na ɗan yi leburanci, ina ji da kaina, na nace sai an bar mini bango ɗaya. Aka bar mini. Na riga kowa gamawa, na tsaya ina share zufa ina jiran yabo. Sai ga Basakkwacen ya zo, ya dubi bangon sama da ƙasa, ya sa kafaɗa ya tura. Bangon ya zube gaba ɗaya a gaban jama'a, har da mata masu leƙowa daga soro. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Ya walad, kai yaro," ya ce, "in wanga ya hwaɗi, nawa shika ja. Ɗauko igiya."

Ya ɗaura dutse a bakin igiyar ya saki, ya kama wuyan hannuna ya ɗora bulon farko da ni. Ashe magini ne tun a gida. Kwana uku muka yi a kan bangon da na yi a wuni ɗaya, ina kuka a zuci ina ɗorawa. Daga nan na bi shi shekaru, a hannunsa na zama abin da na zama. Bai taɓa ce mini na iya ba. Ruwan wankin kuwa, gaskiyarsa, mahaifina bai gyara ba har ya rasu.

Na fi shekara arba'in ina gini a wannan dutse. Ban san adadin ɗakunan da na yi ba, amma na san waɗanda aka haifa a cikinsu. Sai wata rana aka zo da jan fenti aka bi bangaye ana rubuta alamar rusau, ɓangarenmu ya shiga ciki. Ba zan ce ba su da hujja ba. Lungunanmu motar asibiti ba ta shiga, a baya muke goyo marar lafiya zuwa titi, kuma gobara ta ci mana mutane. Yanzu ina zaune da ɗana a unguwar Shisha, hawa na huɗu, akwai lif, akwai sanyi, ruwa yana zuwa da kansa, gwiwoyina sun gode. Maƙwabcin da muke bango ɗaya da shi ban san sunansa ba. Sau ɗaya na ɗauki tasi na koma in ga wurin, na tarar dutsen ma an yanke shi. Na tsaya ina neman inda zan ce nan ne, ban samu ba. Abin da ban faɗa wa 'ya'yana ba shi ne, tun ranar nake jin kunya a raina: magini ne ni, kuma babu bango ɗaya nawa da ke tsaye a duniya. Ina son in bar ko guda kafin a kai ni.

Da wannan ciwon na je gidan Ummi, na tarar ita ma da nata. Tana da ciki na uku, ɗakin kwana biyu ne a gidan, ni ma a falo aka shimfiɗa mini. Mijinta yana ta duba gidajen bene a birni, ita kuwa ba ta son tashi, yaran sun saba da makarantar ƙauyen, suna tafiya da kekensu babu mai tsoron mota. Ni ban ga abin wahala ba. Ga fili a bayan gida, ga garejin maƙwabci bangonsa ya biyo iyaka, mai kauri, miƙaƙƙe. Bango uku kawai ake nema. Na faɗa wa surukina, ya yi murmushin ladabi ya ce, "Baba, a nan ba haka ake yi ba." Na ce to. Washegari yana fita aiki na ɗauki igiya da kwalin dabino na zagaya.

Maƙwabcin wani tsoho ne dogo, fari fat har gira, tsohon ma'aikacin daji, matarsa ta rasu, shi kaɗai a gida mai ɗaki biyar. Dogo na sa masa. Ina cikin awon bangonsa ya fito ya tsaya yana kallona, hannu a aljihu. Na yi masa sallama, na miƙa dabino. Kafin in san yadda zan fara, sai ga Ummi da gudu, da cikinta, mayafi a karkace.

"Baba! Wallahi ka kashe ni da kunya. Ya'ni nan ba Nakkasa ba ce, ba a taɓa bangon mutum haka."

"Faɗa masa dai. Ki ce bango na zo aro."

"Ba su da wannan maganar a yarensu, Baba."

"To ki yi masa bayani, ai don haka kika yi karatu."

Ta daɗe tana magana, kunnuwanta kamar za su yi jini. Dogo ya dube ni, ya dubi bangon, ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya buɗe, ya ce mu zo ranar Alhamis ƙarfe uku. Raina ya ɓaci. A wajenmu wanda ka roƙa ya ce ka dawo Alhamis ya hana ka ke nan. Ummi ta ce a'a, a nan girmamawa ce, ya ware mini lokaci. Ban yarda ba, amma na je.

Ya zuba mana gahawa, ya buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ya mayar da murfi ya rufe. Na ce a raina wannan ba zai ba da bango ba. Sai ya fara magana a hankali, Ummi tana juya mini. Ya ce 'ya'yansa uku a gidan nan aka haife su, duk sun tafi birni. Ɗaya ta so dawowa da iyalinta, ba ta sami gida ba, domin tsofaffi irinsa ba sa tashi, sababbin gidaje kuma ba a cika yi ba, don ba a taɓa dajin. Ya ce makarantar ƙauyen an riga an haɗa azuzuwa saboda ƙarancin yara, kowa yana tsoron ranar da za a rufe ta. Ya ce in su Ummi suka tashi, layin ya koma na masu sanda. Bango kuwa ya ba ni, da zuciya ɗaya, bai taɓa jin an roƙi mutum irin wannan ba, kuma ya ji daɗi. Amma ba maganarsa kaɗai ba ce. Sai an zana, an kai baladiyyarsu, wato hukumar gari, an zo an duba saiwar babbar bishiyar da ke kusa da wurin, sannan a ba da izini. Wata da watanni ke nan, kuma shi da kansa zai raka surukina.

Mako biyar ya rage mini a ƙasar. Ummi ta fito tana murna, ni na fito jiki a sanyaye. Za a yi ɗakin, amma ba da hannuna ba. Kwana biyu ban fita yawona ba, na zauna a falo ina kallon ganye, na ji tsufa ya sauko mini gaba ɗaya. Ummi ta matsa mini da tambaya har na faɗa mata abin da na ɓoye tun rusau. Ban san ta kai maganar gaba ba.

Rana ta uku aka buga ƙofa, sai ga Dogo, babu littafi, babu alƙawari, abin da Ummi ta ce ba ta taɓa gani ba. Ya yafuto ni zuwa bayan garejinsa, ya yaye wata leda. Tsohon jan bulo ne a jere, na garken tumakin mahaifinsa da aka rushe tun yana yaro, ya adana bai san don me ba. Ya nuna mini shingen katakon da ya raba bayan gidansa da na su Ummi, duk ya ruɓe ya kwanta. Ya ce wannan na gida biyu ne, kuma ba ya neman takardar kowa. In ina so, mu mayar da shi na bulo.

Kwana tara muka yi. Ranar farko na sha kunya, domin hannuna ya saba da babban bulo, waɗannan ƙanana sai zamewa suke kamar sabulu. Shi yake kwaɓa siminti, kuma bai iya ba, kullum ruwa ya yi yawa. In yi masa faɗa da Hausa, ya rama da yarensa, kowa ya gamsu. Ya kawo ƙarfen awon nan mai ɗigon ruwa a tsakiya yana ɗorawa a kan kowane layi, ni ina sakin igiyata da dutse, ba mu taɓa saɓawa ba, kuma na ga abin ya ba shi mamaki. Ƙarfe goma daidai zai ajiye cebur ya tafi haɗa gahawa, ko da bulo yana hannuna. In lokacin salla ya yi na shimfiɗa darduma a kan ciyawa, sai ya koma gefe ya tsince ganyen da ya faɗa cikin kwaɓin har in idar. Tsofaffin layin suka riƙa tsayawa da kekunansu suna kallo. Rabon da in ji daɗi irin na kwanakin nan tun ina Nakkasa.

A raina na riga na yanke tsayinsa: ya wuce kan mutum, yadda 'yata za ta fito bayan gidanta ta cire mayafi ta sha iska babu idon kowa. Duk uban da ya tashi a Makka haka zai yi, ban ma ga abin tambaya a ciki ba. Da ginin ya kai ƙugu na ja igiya zan ɗora layi na gaba, sai Dogo ya ɗora tafin hannunsa a kan bulon. Na ɗauka hutu yake so, na ce mu ci gaba. Bai ɗauke hannun ba. Na ƙwala wa Ummi kira. Ya yi magana gajeriya, idonsa a ƙasa, ita kuma ta juya mini.

"Baba, ya ce in ka ƙara ba zai riƙa ganin yaran ba. Ya ce tun da matarsa ta rasu, a tagar kicin yake cin abinci, saboda daga nan yana hango su suna wasa."

Na dubi igiyar, na dubi 'yata. "Ke fa? Sutura taki ce, don ke nake yi."

"Halas, ya isa, Baba, bar shi haka. In ina son cire mayafi na shiga ciki."

Na kwance igiyar. Muka rufe kansa da bulo a kwance, na goge shi da tsumma, na tsaya ina kallo. Ban taɓa gina bango gajere irinsa ba.

Na dawo Shisha da wata biyu Ummi ta haihu, mace. Izini ya fito daga baya, wasu mutane suka zo suka yi ɗakin a jikin garejin Dogo, ban gani ba sai a hoto, kuma maganar tashi ta mutu. Da na nuna wa ɗana hoton nawa ginin dariya ya yi, ya ce, "Baba, wannan ai dakali ne." Na bar shi ya yi dariyarsa. Makon jiya Ummi ta kira ni, muna cikin hira ta ce babban yaronta ya faɗo daga keke ya fasa haɓa, dole ta ruga da shi wajen likita, mijinta ba ya nan, jaririyar kuma tana barci. Ba ta tsaya zagayawa ta ƙofa ba. Ta leƙa bayan gida ta kira Dogo, ta miƙa masa ita ta saman bangon.

Na ce, "Bai yi miki tsayi ba?"

Ta ce, "Ko ɗaga hannu ban yi ba, Baba."